Jaririn Roba da Itacen Wanka

Na san abin da ake gaya muku a kaina, domin kunnuwana ba su toshe ba tukuna. An faɗa a gidan biki, an faɗa a gidan rasuwa, har ke Maryam kin taɓa dawowa daga Mugulbu kika ƙi cin abinci saboda wata ta ce miki uwarku ta zaɓi 'yar tsana ta bar 'yarta. Kai kuma Sani ba ka taɓa tambayata ba, amma ina ganin tambayar a fuskarka duk ranar da Addarku, babbar yayarku, ta zo gidan nan ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Na yi shiru shekara da shekaru, ba don ba ni da ta cewa ba, sai don na gaji. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ido ya fara dishi-dishi, na ga idan ban rubuta ba za a binne ni da labarin da wasu suka tsara. Ba yabo nake nema ba. Ina so ne ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta yi shi.

Addarku ita ce 'yata ta fari, kuma kun tashi kun tarar ba na kama sunanta. Haka aka rene mu a Lamorde. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi ko da ciki na ƙuna. Uwata ta yi wa yayana haka har ta koma ga Allah, ni ma ban ga dalilin sakewa ba. Amma akwai abu ɗaya da al'ada ta bar wa uwa a kan 'yarta ta fari: goyon ciki. Idan cikin farko ya tsufa, a dawo da yarinya gidan iyayenta ta haihu, uwarta ta dafa mata ruwan wanka safe da yamma har arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata jiki. A nan ne kaɗai ake barin hannun uwa ya faɗi abin da bakinta bai taɓa faɗa ba. Tun ranar da aka kai Addarku ɗakin mijinta Hammadu a Mugulbu nake jiran wannan kwana arba'in ɗin.

Kafin in kai ga wannan, sai kun san aikin da nake yi a shekarar. Ni ungozoma ce ta asibiti, kuma a zamaninmu a jikin mutane muka koyi aiki. A nuna maka sau ɗaya, gobe a tura ka kan mace mai naƙuda, idan hannunka ya yi rawa ita ce za ta ji a jikinta. Jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, a riƙe shi ta ƙafa a ɗan bubbuga, in ya tsanyara a gode wa Allah, in ya yi shiru a naɗe shi a zane a ajiye gefe a koma kan uwa. Dangi su ce bai zo da kwana ba. Haka muka gani, haka muka yi, kuma babu wanda ya ce mana akwai wata hanya. Na naɗe jarirai da yawa a rayuwata. Ban ƙirga ba, kuma ba na son wanda zai ƙirga mini.

Bayan mun dawo daga gudun hijirar da duk mutanen Mubi suka yi, aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni makarantar da ake koyar da 'yan mata aikin ungozoma. A lokacin ne masu ba da agaji suka kawo mana kayan gwaji. Aka share wani ɗaki aka sa gado, aka jera mutum-mutumin roba: hannu na koyon allura, ƙugun mace na koyon karɓar haihuwa, da wani jariri baƙi wanda ake ɗura wa ruwan ɗumi har ya yi nauyin ɗan mutum. Yana da wata igiya da malama ke riƙewa a ɓoye, in ta matsa cibiyarsa ta harba, in ta saki ya yi lakwas. Tare da shi akwai 'yar jakar iska mai marfi, wadda ake kifawa a hanci da bakin jaririn da bai yi numfashi ba a riƙa matsawa har ƙirjinsa ya ɗaga. Ranar da aka ce ni zan riƙe wannan ɗaki raina ya ɓaci. Ni da na karɓi haihuwar rabin matan unguwarmu, wai da furfurata a miƙa mini 'yar tsana. Babanku kuwa ya samu abin tsokana. Duk yamma in ya dawo daga kasuwar shanu sai ya tambaye ni ya jikin jaririna, ko ya fara haƙori.

Abin da ya fi ba ni wuya ba robar ba ce, maganar ce. Tsarin shi ne malama ta tsaya ta faɗa da ƙarfi cewa an haihu, jariri bai yi kuka ba, ba ya numfashi, sannan ɗaliba ta yi abin da ya kamata kamar da gaske. Mu kuwa mutane ne da ba ma kiran abin tsoro da sunansa. Ko ciwo ne sai mu ce jiki ya motsa. A makonnin farko harshena nauyi yake yi, 'yan matan kuma kowace sai ta ce Allah ya kiyaye kafin ta miƙa hannu. Amma na ga abin da ya rufe mini baki. Yarinyar da ta haddace littafi tsaf, da na ce ba ya numfashi sai ta daskare, ta kifa marfin a juye, iska na fita ta gefe tana ta matsawa a banza. A kan roba ta yi wannan kuskuren, muka zauna muka tattauna ba tare da an zagi kowa ba, ta sake, ta kuma sakewa, har hannunta ya daina jiran kanta. Watanni bayan haka na ga yarinyar nan a ɗakin haihuwa na gaske, ta tayar da wani jariri da a zamaninmu da tuni mun naɗe shi. Na fita bayan ɗakin na zauna a kan dakali. Tun daga ranar ban ƙara jin haushin tsokanar babanku ba.

A cikin wannan shekarar Addarku ta samu ciki. Ba ita ta gaya mini ba, ba kuma ni na tambaya ba, idona ne ya gani ranar da ta zo gaisuwar Sallah. Washegari na fara sayen itace. Duk mai amalanken da ya wuce da busasshen itace mai kyau sai in tsayar da shi, ina jibgewa a bayan madafa, na rufe da tsohon kwano saboda ruwa. Na sa aka yanka mini rabin duro na dafa ruwan wanka. Babanku ya ce ko gidan burodi zan buɗe. Ban kula shi ba.

Damuwata ɗaya ce. Haihuwar za ta faɗo a tsakiyar damina, kuma kun san hanyar Mugulbu in mayo, wato kogin nan, ya cika, keke napep ba ya tsallakawa sai ruwa ya janye. Idan naƙuda ta zo wa Addarku kafin a dawo da ita, ba ta da kowa sai Rifkatu, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin. Rifkatu 'yar tsaunukan Michika ce, Kirista, mai haƙuri da tsabta, na koyar da ita tun kafin zuwan kayan gwaji. Ita kaɗai ce a wurin, ita ce mai allura, ita ce mai awo, ita ce mai shara. Sai na nemi izini a makaranta, wata Asabar na sa jaririn roba a jaka, na haɗa da jakar iska guda da aka yarda in bar mata, na hau keke na nufi Mugulbu.

Ba a shiga garin surukai a wuce gidansu, don haka na fara sauka wajen Goggo Dudu, uwar Hammadu. Ba na so ku ɗauke ta muguwa, domin ba muguwa ba ce. Tsohuwa ce da ta binne 'ya'yanta da dama tun suna tsumma, Hammadu kaɗai ya tsaya mata a maza. Ita ake kira ta yanke cibiya a rabin gidajen garin, kuma abin da ta ce a kan haihuwa shi mata ke bi. Ta karɓe ni da fara'a, ta kawo mini kindirmo, sannan ta shiga maƙwabta duba wata mai jego. Tana fita hadari ya haɗo. Rifkatu ta ji labarin na iso ta biyo ni da gudu, tana shigowa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka maƙale a rumfar ƙofar ɗakin Addarku, mu uku. Na duba sama na ga ruwan ba na ɗaukewa ba ne da wuri, ga shi dole in koma kafin mayo ya cika. Na ce wa Rifkatu kada mu yi asarar yini, mu yi a nan.

Na ɗura wa jaririn ruwan ɗumi daga butar Addarku, na shimfiɗa shi a tabarma. Sai na ga na manta tawul ɗin goge shi. Addarku ta tashi da cikinta ta shiga ɗaki, ta fito da wani sabon zane ta miƙo mini, tana dariya tana cewa ashe wannan ne ƙanin nasu da Baba ke ba da labari. Ban san zanen goyon da Goggo Dudu ta saya wa jikanta ba ne. Na karɓa, na ce wa Rifkatu ta shirya, na faɗi abin da nake faɗa kullum a makaranta, da irin muryar da nake faɗarsa.

“An haihu. Bai yi kuka ba. Ba ya numfashi.”

Rifkatu ta goge shi da zanen, ta murza bayansa, ta kifa marfin, iska ta zurare. Muka sake. Tana gumi tana cewa ita duk shekarun nan in yaro bai yi kuka ba bugawa take yi ta yi addu'a, shi ke nan abin da ta sani. Muka yi ta maimaitawa har ƙirjin robar ya fara ɗagawa daidai a hannunta. Ina cikin faɗin maganar nan a karo na ban san nawa ba, na ga fuskar Addarku ta sauya. Na waiwaya. Goggo Dudu na tsaye a bakin rumfar, ta rufe kai da buhu, ruwa na zuba a kafaɗarta. Idonta na kan abu mai kamar jariri, kwance lakwas cikin zanen jikanta, a gaban matar ɗanta mai cikin fari.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

“Hajiya, me muka yi miki? A gidana, a gaban cikin fari, kike kiran gawa?”

Na yi ƙoƙarin bayani, na ce koyo ne, roba ce, na matsa igiyar don ta ga yadda ake yi. Cibiyar ta harba, tsohuwar ta ja da baya tana salati. Ta sunkuya ta zare zanen da yatsu biyu, ta jefa shi cikin ruwan da ke gudu a tsakar gida. Na tattara kayana na fita ruwa na dukana. Jakar iskar dai na danƙa wa Rifkatu a hanya.

Bayan kwana kaɗan Hammadu ya zo wurin babanku, kansa a sunkuye, da saƙon uwarsa. Ta ce ba za ta tura matar ɗanta gidan da ake kwana da wannan abu ana yi wa ciki mugun fata ba. Amma tunda al'ada ce kuma ba ta son a ce ta hana, ta yarda da sharaɗi biyu. In je in ɗauke jakar da na bar wa Rifkatu, domin matan gari sun ji labari kuma ba sa son a kifa musu ita a fuskar 'ya'ya. Sannan in faɗa a gaban matan gidan cewa abin da na yi ba daidai ba ne, aikin banza ne na Turawa. In na yi haka, ranar da wata ya kama za a kawo mini 'yata.

Gidan nan ya ɗauki zafi a makon. Ku kuna makaranta, ba ku ga komai ba. Ƙanwar babanku ta zo takanas ta gaya mini boko ya cinye mini hankali. Babanku, wanda bai taɓa yarda roba na kiran mutuwa ba, shi ma ya zaunar da ni bayan la'asar ya ce in sauko.

“Ki karɓo jakar, ki faɗi abin da suke son ji. Magana ce kawai, iska ce. In yarinya ta haihu ta yi arba'in, ki mayar musu da abarsu.”

Na ce masa in magana iska ce, me ya sa tawa ta rushe gida? Ya ce wannan bakin nawa shi ne matsalata tun ina amarya. Gaskiyarsa ne. Amma na kwana ina juya shawararsa, kuma na rantse muku da na tashi da safe na yanke zan bi ta. Na ce a raina ni ba shugabar lafiya ta duniya ba ce, uwa ce, itacena na jira. Na sayi sabon zanen goyo mai kyau don maye gurbin wanda aka jefar, na hau keke da niyyar in karɓo jakar in durƙusa in faɗi duk abin da aka ce.

Ranar ta dace da ranar awo. Da na isa ƙaramin asibitin na tarar da mata a jere a kan benci da ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wasu sun taho a ƙafa daga gonakin bayan gari, laka har ƙwauri. Aikina ya lalata mini ido, ba na iya ganin mai ciki ban auna watanninta ba. Na duba na ga waɗanda za su haihu kafin ruwa ya ɗauke, na ga ba ɗaya ba ce, ba biyu ba. Akwai wata 'yar yarinya siririya da ko kallona ba ta iya yi don kunya, cikinta ya sauko. Babu ɗayansu da ke da uwa ungozoma a Mubi da za a mayar da ita wurinta. Rifkatu ta riga ta ji sharaɗin. Ta shigar da ni ciki, ta ɗauko jakar, ta wanke ta ta ƙulle a leda, ta ɗora mini a hannu, ta ce da Hausarta ta 'yan Michika:

“Sista, ɗauka kawai. Yarinyan naka ne. Ni ba zan ji haushi ba, Allah yana gani.”

Na riƙe ta. Ba ta da nauyin komai, ko kofin shayi ya fi ta. Na tsaya ina tunanin abin da babanku ya ce, a mayar bayan arba'in. Amma na san garin, na san Goggo Dudu. Ranar da ni da bakina na ce aikin banza ne a gaban mata, an gama. Ko na dawo da jakar daga baya, babu uwar da za ta bari a kusanci ɗanta da ita, za a ce ai mai abin ma ta ce ƙarya ne. Kuma ni na san abin da ake yi wa jaririn da ya yi shiru in babu ita, domin hannuna ya yi shi. Ban yi wani dogon tunani na jarumta ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin wadda ke sa mutum ya kasa ɗaga ƙafa. Na kasa fita da ledar nan ta gaban matan da ke kan benci. Na mayar da ita kan teburin na ce wa Rifkatu ta rataye ta inda hannu zai kai da sauri.

Daga nan na wuce gidan. Na durƙusa a gaban Goggo Dudu, ni da na kusa sa'arta, na ajiye sabon zanen. Na ce na yi kuskuren wuri, na ɓata mata rai a gidanta, ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ina jakar? Na ce tana asibiti, kuma a can za ta zauna. Ta ce sauran maganar fa? Na ce ba zan iya cewa aikin banza ba ne, domin na ga ya tayar da ɗan mutum. Ta ture zanen gefe ta ce to kowa ya riƙe nasa, ni in riƙe robata, ita ta riƙe jikanta.

Addarku ce ta rako ni bakin hanya, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Muka yi ta tafiya har muka hango keke. Sai ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce:

“Dada, su kin duba su. Ni fa?”

Ku ji abin da uwarku ta amsa. Ina so in ce mata saboda ke na fara ɗauko abin nan, saboda ke na hau hanya cikin damina, itacenki na nan ya kai tsayin katanga. Amma 'yar fari ce, kuma bakina bai taɓa koyon irin wannan magana da ita ba. A ɗakin gwaji na koya wa yara su maimaita abu har ya zauna musu, ni kuwa wannan ko sau ɗaya ban taɓa gwadawa ba. Sai na ji kaina ina ce mata ta riƙa shan maganin ƙarin jini, in ta ga ruwa ko jini ta aika wa Rifkatu da wuri. Ta ce to. Na hau keke. Ban waiwaya ba, kuma na san ta ɗauka rashin damuwa ne.

Wata ya kama, ba a kawo ta ba. Na ci gaba da zuwa makaranta, ina tsayawa gaban 'yan mata ina cewa bai yi kuka ba, ba ya numfashi. Wayata na aljihu ko a masallaci. Wata safiya ina tsakiyar darasi Hammadu ya kira. Ya ce ta sauka lafiya, mace, Rifkatu ce ta karɓa, kuma yarinyar ta faɗo da kukan da har maƙwabta suka ji. Ko taɓa jakar ba a yi ba. Na yi hamdala, na ce wa ɗalibai su ci gaba, na shiga bayi na wanke fuska.

Kun ga yadda abin ya kasance. Da jikata ta zo ba numfashi aka tayar da ita, da an ce bakina ne ya kira. Da ta zo lafiya, sai aka ce ai don an raba ta da ni ne. Ta kowace hanya Goggo Dudu ce mai gaskiya a Mugulbu, kuma ban yi mata gardama ba. Ranar suna na je kamar kowace baƙuwa, da turmin atamfa da sabulu, aka ba ni tabarma cikin mata. Daga inda nake zaune ina jin ƙamshin ruwan ganyen darbejiya da aka dafa wa mai jego, ina ganin wata matar da ban sani ba tana fita da bokiti daga bayan ɗaki. Aka miƙo mini jaririyar na riƙe ta kaɗan, hannuna na duba numfashinta da kansa don sabo, aka karɓe. Addarku ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi mutanen gida. Tun daga ranar haka take gaishe ni.

Bayan damina Rifkatu ta shigo Mubi karɓar magunguna, ta biyo ta makaranta. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Ta ce a watannin nan ta ɗauko jakar sau biyu. Ɗaya ya tashi, ɗan wannan siririyar yarinyar mai kunya. Ɗaya bai tashi ba duk da ta yi iyakar yinta, kuma danginsa sun ce jakar ce ta kashe shi, har sun daina gaishe ta. Ban san sunan yaron da ya tashi ba har yau, uwarsa ma ba ta san da ni ba. Ban taɓa gaya wa Addarku wannan ba, domin ba na so ya zama kamar ina ɗora ɗan wata a sikeli ɗaya da ita. Ba su auna daidai ba a wurina, kuma ba za su taɓa yi ba. Na yi abin da na kasa barinsa ne kawai.

Addarku ta sake haihuwa bayan nan, har sau uku, amma goyon ciki na fari ne kaɗai, ba a rama shi. Goggo Dudu ta rasu, na je na yi gaisuwa da zuciya ɗaya. Na ajiye aiki, wata yarinya da na koyar ita ke riƙe da ɗakin gwaji yanzu, an ce har sun samu sabon jariri mai kuka da kansa. Rabin duron nan babanku ya mayar da shi wurin ba tumaki ruwa. Itacen kuwa na hana a taɓa shi shekarar farko, daga baya gara ta fara ci, na bari aka riƙa ɗiba a hankali. Saura kututture guda, na ƙirya, wanda gatari ya ƙi. Shi ne wanda ke bayan madafa, wanda kuka sha cewa in bari a fitar na ce a bar mini.

A Sallar da ta wuce Addarku ta zo da yaranta. Ta shiga taya ni tuyar nama, zafi ya ishe ta, ta fita ta zauna a kan kututturen tana fifita da gefen mayafi. Ta ɗan bubbuga shi da tafin hannu ta ce, Dada, wannan itacen tun yaushe yake nan, ba ya ƙarewa ne? Na ce mata ƙirya ce, tana da taurin kai. Ta yi murmushi ta koma kan kaskonta.

Maryam, in kin gama karantawa ki kai mata wannan takardar da hannunki, kada ki aika. Bakina ya riga ya tsufa a kan shirunsa, amma alƙalami bai san kunyar ɗan fari ba, don haka bari in kira sunanta sau ɗaya kafin in tafi.

Aishatu, itacen wankanki ne.